Iccen na wa ne? Dalilin da ya sa na koma ajin kasuwanci bayan digirin muhalli



Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Damina ta zauna, kuma kamar kowace shekara Facebook ya cika da hotunan dashen itatuwa. Manya sun duƙa da manyan riguna, wannan riƙe da shebur, wancan da butar ban ruwa, ana cewa an dasa dubu kaza a nan, dubu kaza a can. Ba raina abin nake yi ba, ni ma na sha shiga irin wannan hoton. Sai dai har yau ban ga wanda ya koma wurin a watan Afrilu ya ɗauko mana hoto na biyu ba.

Juma'ar da ta wuce na je gida Tambuwal gaida tsofaffi. Bayan la'asar ɗan ƙanwata, wanda ya gama bautar ƙasa kwanan nan, ya same ni a zaure ya ce, “Kawu, abokaina sun ce in bar zancen muhallin nan in yi MBA, wai can kuɗi suke. Malamina kuma ya ce in zarce digiri na biyu a fannina. Kai da ka yi duka biyun, wanne ya fi?” Na fara ba shi amsa sai baƙi suka shigo, magana ta yanke. Na yi masa alkawarin zan rubuta. Da yake ba shi kaɗai ke yi min wannan tambayar ba, na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani.

Ni dai a Tambuwal aka haife ni, dangin mahaifiyata kuma mutanen ƙasar Kebbe ne, can wajen fadamar gulbin Zamfara. Na yi digirin farko a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kama aikin gwamnati, bayan wasu shekaru na samu hutun karatu na je Kano na yi digiri na biyu a harkar muhalli. Ranar da na dawo da takardar nan, wallahi ji nake yi hamada ta shiga uku. Na san sunan kowane icce da Latin, na iya auna ƙasa, na iya karanta hoton tauraron ɗan adam in gaya maka inda daji ya ragu cikin shekara goma.

Ba a daɗe ba aka ba ni aikin da nake ta mafarki. A wani ofishi da na taɓa zama, an ɗora min jagorancin dashen itatuwa 2,000 a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, inda iska ke kwashe ƙasar gona kuma yashi ya fara hawa bayan gari. Na zaɓi irin da ke jure fari. Na auna tazara tsakanin rami da rami. Na jira sai da ruwa ya zauna sosai. Ta fuskar abin da aka koya min a aji, ban bar kuskure ko ɗaya ba. Aka yi biki, aka yi jawabi, aka kafa allo, aka sha lemo, muka hau mota muka dawo.

Da bazara na koma don in rubuta rahoto. Abin da na tarar bai kai 200 ba. Sauran sun zama tsinke, wasu ko alamar ramin babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tara mutane a ƙofar gidan mai gari ina ta faɗa: an kawo muku alheri kun bar awaki sun cinye, ba ku san ciwon kanku ba, gobe yashi zai rufe ku. Kowa ya yi shiru. Sai wani dattijo da ke gefe yana tufkar igiya ya ɗago kai ya ce:

“Yaro, wanga icce da kaka ta faɗa a kai, na wa na?”

Na ce, “Baba, naku ne mana. Ai don ku aka dasa.”

Ya ce, “A'a. Ranar da kunka zo, kun tambaye mu irin da muka so? Kun kawo turare da dogon yaro, kunka kafa allo da sunanku, kunka tahi. In ya girma na sare reshe, malamin daji shi kama ni. In na ja ruwa ga rijiya na ba shi, wa ka biyana? Akuyata na san tawa ta. Iccen ga ban san mai shi ba.”

Ban iya ce masa komai ba. Da na koma ofis na ɗauko takardar kasafin aikin, wadda ni da hannuna na rubuta. Akwai kuɗin dashe, akwai kuɗin mota, akwai hayar rumfa da kujeru, akwai lemo, akwai allo. Babu ko kwabo na ban ruwa. Babu na keji ko shinge. Babu na wanda zai kula da su cikin wata bakwai zuwa takwas ɗin da ba a samun ruwan sama a wurinmu. Na tsara ranar haihuwa, ban tsara raino ba. Amma a rahoton da na miƙa, laifin awaki da jahilci na rubuta. Allah ya yafe min wannan.

Abu na biyu ya faru ne a bakin hanya, kusa da Dogon Daji. Ku lura da sunan garin ma, shi kaɗai ya isa ya gaya muku yadda wurin yake a zamanin da. Na tsaya wajen wani mai sayar da gawayi na kama yi masa wa'azi: kirya da marke da kuke sarewa sai sun shekara da yawa kafin su kai haka, kuna jawo mana zaizayar ƙasa, kuna jawo zafi. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “Malam, duk abin da kac ce gaskiya na. Amma kai ƙarshen wata kaka jira, ni ko buhun ga nika jira. In kana da abin da za ni ci daga yau har ranar da iccenka za shi yi 'ya'ya, ga gatarin, riƙe.”

Abin kunyar, a bayan motata a ranar akwai buhun gawayin da na sayo wa gida a wani wuri.

Mutanen nan biyu ba su ƙaryata ilimina ba. Tambayoyin da suka yi min ne babu su a cikin karatuna: wa ke da abin, wa zai biya, wa zai ci riba, kuma yaushe. Na duba na ga waɗannan tambayoyin a ajin kasuwanci ake koyar da su. Shi ya sa na koma makaranta ina da furfura a gemu. Na fara da difloma ta gaba da digiri a fannin gudanarwa, saboda wanda bai yi kasuwanci a digirin farko ba yawanci ta nan ake sa shi ya bi, daga nan na shiga MBA ta ƙarshen mako a Sakkwato.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji jiki. Da na gaya wa uwargida, kallona ta yi ta ce, “Malam, wane karatu kuma? Wancan da ka yi me ya ƙara mana? Kuɗin makarantar yara fa?” Gaskiyarta. Babu wanda ya ɗauki nauyina, daga albashi da adashi na biya. Lokacin a gida nake aiki, don haka duk Asabar bayan asuba sai in kama hanya, kusan kilomita 100, in wuce Dogon Daji da Boɗinga in isa aji ina hamma. Abokan aiki suna yi min tsiya, wai malamin icce zai buɗe shago. A aji kuwa na tarar da ma'aikatan banki da 'yan kasuwa, yara ƙanana a kaina, suna zuba lissafi kamar ruwa. Gwajin farko na ilimin akanta faɗuwa na yi warwas. Wadda ta fitar da ni kunya ita ce uwargidan nan da ta yi ƙorafi. Tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce ta fahimtar da ni bambancin uwar kuɗi da riba, da yadda mutum zai iya cin riba a takarda alhali babu ko sisi a hannunsa saboda duk kayan suna wajen masu bashi. Abin da malami ya kwashe mako biyu yana bayani da Turanci, ta gama min shi a dare ɗaya da ƙwaryar awo.

Abubuwa da yawa na koya, amma uku ne suka canza yadda nake aikina.

Na farko, abin da kake ƙirgawa shi kake samu. Mu muna ƙirga iccen da aka dasa, ɗan kasuwa kuwa abin da ya rage a hannu yake ƙirgawa. Ga misali mai sauƙi, ba lissafin wani aiki ba ne. A ce an kashe naira miliyan 1 an dasa 2,000, kowanne ya tashi a naira 500, rahoto ya yi kyau. In 200 ne suka rayu, ainihin kuɗin kowane icce naira 5,000 ne. A ce kuma da kuɗin nan 500 kacal aka dasa, sauran aka sa a ruwa da keji da ladan mai kula, 400 suka rayu. Kowanne ya tashi a naira 2,500. Na biyun ya fi arha nesa ba kusa ba, amma na farkon ne ke da daɗin faɗa a rediyo. Matuƙar ana yaba wa ma'aikaci da yawan abin da ya dasa, haka za mu ci gaba da binne kuɗi a rami.

Na biyu, lokaci ma kuɗi ne. A ajin kasuwanci ana koyar da cewa nairar yau ta fi ta baɗi daraja, har da hanyar lissafa bambancin. Mai gawayin nan bai shiga aji ba amma ya fi ni sanin haka. Wanda gidansa babu tsaba ba za ka ce ya jira shekara goma ba. Don haka duk shirin da ba shi da abin da zai shigo hannun mutum da wuri, mutuwa zai yi. Zogale cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Kaɗanya kuwa sai ta haura shekara goma sha biyar. Ilimin muhalli zai gaya maka wanne ƙasar za ta karɓa. Ilimin kasuwanci zai gaya maka yadda za ka jera su, mai saurin ya ciyar da mai gona har mai nawar ya iso.

Na uku, kowane kayan aiki yana tsufa tun ranar da aka kunna shi. Ku zagaya ƙauyukanmu ku ƙirga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da suka tsaya. Sau da yawa ba wani babban abu ne ya lalace ba, famfo ne ko waya ko wata ƙaramar na'ura. Amma ranar da aka ƙaddamar babu wanda ya zauna da mutane ya ce: abin nan zai nemi gyara, nawa za mu riƙa ajiyewa duk mako, wa zai riƙe kuɗin, wa zai duba mai riƙon? Mai injin niƙa a unguwarku ya san wannan, shi ya sa injinsa ke shekara ashirin yana aiki.

Da na fara kallon abin ta wannan fuskar sai na gane labarin maƙwabtanmu na Maraɗi, wanda na karanta tun ina Kano amma ban fahimce shi ba. A farkon shekarun 1980 an yi ta dashe a can yana mutuwa, kamar nawa. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su. Babu sayen dashe, babu ban ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri. Suka kira shi sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanyar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a kan haka, a shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙasa da dabarar haƙa ramuka ana zuba taki.

Dabarar datsa ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Abin ya bazu ne lokacin da manomi ya tabbata iccen da ya raina a gonarsa nasa ne, zai sari reshe ya yi girki ko ya sayar ba tare da an kama shi ba. Ga kuma riba a fili. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tsare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Amsar tambayar dattijon nan ce suka bayar. Mu da su ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, kalgo da sabara da gawo iri ɗaya.

Kada ɗana ya ji wannan ya ce to ashe abokansa ne da gaskiya, MBA kawai zai yi. Kasuwancin da babu sanin muhalli a cikinsa mun ga ƙarshensa a maƙwabtanmu. A 2010 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana daka ana niƙa. Lissafin riba daidai yake, kuɗi na shigowa. Abin da ba a sani ba shi ne duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wanda ya iya lissafin riba kaɗai ba zai hango wannan ba. Ko a fadamunmu, mai neman amfanin bana kawai zai zuba maganin feshi fiye da kima, ya noma har bakin gulbi ya sare abin da ke riƙe gaɓa, baɗi ruwa ya zo ya tafi da gonar da shinkafar.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zama ta yanzu shi ne kuɗin harkar muhalli sun fara shigowa Arewa da gaske. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. A Disambar 2017 gwamnatin tarayya ta fara sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli, na naira biliyan 10.69. A Nuwambar 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A Disambar wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1. Ku tuna, kuɗin Bankin Duniya rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Irin waɗannan shirye-shiryen ba a taɓa kuɗinsu da jawabi. Sai da tsarin aiki, da kasafi, da ƙa'idar sayen kaya, da rahoton da mai binciken kuɗi zai gamsu da shi, ga kuma nazarin tasirin aiki ga muhalli wanda doka ta wajabta tun 1992. Na sha zama a taro inda masanin ƙasa ke gefe ɗaya, akanta ke gefe ɗaya, kowa na magana ɗaya bai jin yaren ɗaya. Ƙarshe sai a ɗauko wani daga nesa a biya shi kuɗi mai yawa ya haɗa musu takarda, mutumin da bai san bambancin jigawa da fadama ba. Wannan kujerar ta tsakiya ita nake so yaranmu su zauna.

A wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Amurka jami'o'i irin su Yale da Duke da Michigan suna da tsarin da ɗalibi zai haɗa digiri na biyu na muhalli da MBA cikin kimanin shekara uku. A nan gida ma an fara matsowa. Akwai cibiyoyin shirin SPESSE a jami'o'i shida, ciki har da ABU Zariya da ATBU Bauchi, masu koyar da ƙa'idar sayen kayan gwamnati tare da ƙa'idojin muhalli da na zamantakewa. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Wanda aiki ya riƙe kuma ga Buɗaɗɗiyar Jami'a.

Wani zai ce, to kai da ka haɗa, ina abin da ka yi? Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma zan faɗa. A gonar kakanninmu ta wajen Kebbe, ni da ɗan kawuna mun daina sassabe kututture, mun bar gawo da kalgo da 'yan ɗorawa sun tashi. A gefen fadama mun kafa ɗan wurin rainon dashe, mangwaro mai aure da gwaiba da zogale, sayarwa muke yi. Shekarar farko faɗuwa muka yi, saboda duk wanda ya zo dangi ne, “ɗauki ka kawo” ta cinye jarin. Mai MBA guda! Uwargida ta yi dariya har da hawaye, sannan ta karɓi littafin ta kafa doka: kuɗi hannu. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, injin ban ruwa ya koma cin ribar gaba ɗaya. Muka zauna muka lissafa abin da fetur ke ci a noman rani ɗaya, muka gwada da kuɗin famfo mai aiki da hasken rana, muka ga lokacin da zai mayar da kuɗinsa, sannan muka saya, kuma duk mako akwai abin da ake cirewa na gyara. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya sayi dashe da kuɗinsa, ko naira nawa ne, sai ka ga ya kewaye shi da ƙaya yana ba shi ruwan alwala. Na kyauta kuwa sau da yawa a leda yake bushewa.

Ban ce komai ya warware ba. Tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi da icce, har da gidajen ma'aikata irina, don haka gatari bai huta ba. Ga matsalar tsaro, akwai lokutan da zuwa gona ma sai an yi shawara, har wasu na cewa a sare dajin kowa ya huta tun da ya zama maɓoya. Na fahimci zafin da ke sa a faɗi haka, ba na ganin laifin wanda aka kora daga gonarsa. Kuma akwai abin da ba ya shiga lissafi. Inuwar tsamiyar ƙofar gida da tsofaffi ke zama ba ta da farashi, malamanmu kuma sun sha gaya mana ladan wanda ya dasa abin da mutum ko tsuntsu zai ci. Wanda karatun kasuwanci ya sa ya daina ganin wannan, ya yi asara.

To ɗana, ga amsarka.

Kada ka zaɓi ɗaya ka raina ɗaya. Fara da fanninka ka ƙware, domin lissafi ana iya koyonsa daga baya, amma wanda bai san ƙasa da ruwa da icce ba, kwas ɗin wata uku ba zai sanar da shi ba. Kada kuma ka jera digiri kan digiri ba ka taɓa aiki ba. Yi shekara biyu ko uku a fili, ko da aikin sa kai ne, ka yi naka kuskuren, sannan ka shiga ajin kasuwanci da tambayoyinka a hannu. Ni da na je da gawar icce 1,800 a zuciyata, kowane darasi na san inda zan ajiye shi. Lokacin rubuta kundin bincike kada ka kwafo matsalar wani kamfani da ba ka taɓa gani ba. Ɗauki ta gida: albasar da ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, daga nan har Aliero; bagaruwar da majema ke buƙata; buhun gawayi daga daji zuwa murhu, wa ke cin nawa a hanya.

Kuma in gaya maka gaskiya, takardar ba ta ƙara min matakin albashi ko ɗaya a ranar da na kawo ta ba. In don ƙarin girma kawai za ka yi, ka sake tunani. In kuma babu halin digiri biyu, ba dole ba ne. Je ka zauna wata shida a shagon wani ɗan kasuwa mai riƙe littafi, ko wajen gwaggonka mai daddawa, ka ga yadda take sayen kalwa da kaka ta ajiye. Rabin abin da na biya kuɗi na koya yana wurinsu.

Bara hanya ta bi da ni ta ƙauyen nan. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Allon ya yi tsatsa ya faɗi. Daga cikin dashena, waɗanda suka zama itatuwa na gaske 'yan kaɗan ne: layin da ke jikin masallaci, wanda ladan ya riƙa zuba wa ruwa, da guda uku a bayan gidan wata tsohuwa da ta ce tun ranar farko ta ɗauka nata ne. Na zauna a inuwar ɗaya daga ciki na sha furar da ta aiko min.

Ga masu dashe a bana, Allah ya ba da lada. Roƙona ɗaya ne: kafin a ɗauki hoto, a samu wanda zai ce iccen nan nawa ne, a kuma rubuta kuɗin ruwansa a kasafi. In Allah ya kai mu Afrilu, mu haɗu a nan da hoto na biyu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya, ya zaunar da yankinmu lafiya.